Abin da malaman zane suka ce kan harkar ofis

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da malaman zane na manyan makarantu suka yi kan harkar ofis:

1. Kusan kowa ya yarda: duk abin da za ka nema, rubuta ta hannun shugaban sashe, ka riƙe kwafi mai hatimi.
2. Kuɗin halartar taro na TETFund (asusun gwamnatin Najeriya mai tallafa wa manyan makarantu) ta hannun makaranta ake nema, kuma da wuri.
3. Ƙarin girma ne ya raba kawuna. Wasu sun ce a lissafa baje kolin zane kamar maƙala, wasu sun ce kwamiti takarda kawai yake gani. Na biyun sun fi gamsar da ni: ɗauki hoton kowane aiki, ka buga kundi.
4. Wajen karɓar makullin sutudiyo da murhun gasa tukwane, a sa hannu a littafi ko da tsakar dare ne.