Na karɓi kifin betta da aka yi wa sakaci, ta ina zan fara?

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. An bar mini kifin betta namiji, ɗan ƙaramin kifin adon nan mai doguwar jela, a cikin wata 'yar kwalba da ba ta fi lita ɗaya ba. Ruwan ya yi duhu yana wari, jelarsa ta yayyage, bakin yagewar ya yi baƙi. Da ja ne sosai in ji mai shi, yanzu launin ya kwanta kamar an wanke. Yana kwance a ƙasa, sai can ya taso ya kurɓi iska ya koma. Ina so in raya shi. Me zan saya, kuma wane magani zan zuba masa?

Malam Mai Tanki: Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri da kika karɓe shi. Ki ajiye zancen magani tukuna, ƙanwata. Abin da ke cin kifin nan ruwa ne. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe suna fitar da ammoniya, kuma a cikin lita ɗaya ba ta da inda za ta je, sai ta yi ta ƙona masa jiki da fiffike. Yau ki zubar da kamar rabin ruwan kwalbar, ki cika da sabo mai ɗumi iri ɗaya da wanda yake ciki. Gobe ki sake yin haka. Kada ki juye duka lokaci guda, kifin da ya daɗe a gurɓataccen ruwa canjin gaggawa yana iya kayar da shi.

In ruwan famfo ne, dole ki ɗiga masa maganin kashe klorin. Wasu suna cewa a bar ruwan ya kwana a buɗe, to wannan klorin kaɗai yake kora. In da kloramin aka tsaftace ruwan, ba ya tashi ko ya kwana nawa.

Anti Mai Ganye: Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Tasowar da yake yi ya kurɓi iska kada ta tsorata ki, halittarsa ce. Asalinsa daga Tailan ne da maƙwabtanta, yana zama a fadamu da gonakin shinkafa masu ruwa kwance, inda iskar cikin ruwa ba ta da yawa. Shi ya sa Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iskar sama da ita. Wannan baiwar ce ta jawo masa wahala, don mutane sun ga ba ya mutuwa da wuri a kofi, sai suka ɗauka kofin yake so. Fadamar da ya fito ba ta da zurfi, amma tana da faɗi.

Tanki ki nemi mai lita 20 ko sama, kuma mai tsawo a kwance ya fi mai tsayi a tsaye, saboda da raunin da yake ciki hawa sama wahala ce. Da murfi, don yana tsalle. Amma ki bar tazara tsakanin ruwa da murfin yadda zai sami iska.

Sabuwar Shiga: Na gode Malam, na gode Anti. Na canza rabin yanzu. To in na sayo tankin, sai in cika in saka shi kawai?

Malam Mai Tanki: Nan ne gizo ke saƙar. Sabon tanki ba shi da bakteriyar da ke cinye ammoniya. Akwai wasu da ke mayar da ammoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne, sai wasu su mayar da naitirayit naitiret, wanda ba shi da illa sosai in bai taru ba. Waɗannan bakteriyar suna zama ne a jikin soson filta, wato matatar ruwan tanki, da tsakuwa, kuma sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. A ƙa'ida ana barin tanki babu kifi a ciki har bakteriyar nan su kafu, wato ya nuna. Amma naki ba zai iya jiran sati 6 a kwalba ba. Lita 20 da ba ta nuna ba ta fi lita ɗayan da yake ciki nesa ba kusa ba. Ki mayar da shi, sai dai aikin zai koma kanki: ki sayi kayan gwajin ruwa, na ɗigawa ya fi na takarda gaskiya, ki riƙa gwadawa kullum. Duk ranar da kika ga ammoniya ko naitirayit sun motsa daga sifili, ki canza kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin ruwan. Ranar da su biyun suka tsaya a sifili kwanaki a jere, naitiret kuma ya fara bayyana, tanki ya nuna. Daga nan sai canjin kashi ɗaya cikin huɗu duk sati, ki riƙe naitiret ƙasa da 20 a ma'aunin kayan gwajin.

In kin san wani mai tsohon tanki mai lafiya, ki roƙi ɗan yankin soson filtarsa a jiƙe ki sa a naki. Yana rage jiran sosai.

Ɗan Autan Zaure: Yaya, kada ki manta hita. Kifin ƙasa mai zafi ne, yana son digiri 25 zuwa 27. In ruwa ya yi sanyi sai ya daina cin abinci, ya kwanta, ciwo ya samu ƙofa. Ga lita 20, hita mai wat 25 ta isa, amma ki sayi mai kashe kanta in ta kai zafin da aka saita. Ki haɗa da ma'aunin zafi daban, kada ki dogara da lambar jikin hitar. Ko ɗakinki na da ɗumi da rana, ki duba ma'aunin da asuba ki gani, hawa da saukar nan ce ke gajiyar da shi.

Ni a ganina ki zuba masa gishirin tankin kifi saboda jelar, ƙaramin cokali ɗaya a lita 4.

Anti Mai Ganye: Auta, hitar na yarda, gishirin ne ban goyi baya ba yanzu. Betta kifin ruwan daɗi ne, kuma wannan ya riga ya jigata. Ruɓewar jela in ba ta kai jiki ba, ruwa mai tsabta da ɗumi yakan tsayar da ita. Gishiri kuma yana cutar da tsirrai, ba ya ƙafewa tare da ruwa, in mutum bai iya lissafi ba sai ya yi ta taruwa.

Ɗan Autan Zaure: Haka ne Anti, ni ma ba na nufin a babban tanki. A wani mazubi daban, kuma kada ya wuce kwana 10.

Malam Mai Tanki: To mu tsaya a nan: a ba ruwa sati guda ya yi aikinsa. Ki ɗauki hoton jelar yau, ki sake ɗauka bayan 'yan kwanaki. In baƙin ya tsaya, kika fara ganin wani siririn fata fari-fari kamar leda a bakin yagewar, sabon fiffike ne ke tsirowa, kada ki ɗauka ciwo ne. In kuwa ruɓewar na ci gaba tana dosar jiki, ko kika ga farin abu kamar auduga, sai a yi zancen magani. Ki kuma duba shi ta sama. In ciki ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye, wannan babbar matsala ce ta cikin jiki, ki sanar da mu nan take.

Anti Mai Ganye: Filta ki sayi ta soso, mai aiki da famfon iska. Masu feso ruwa da ƙarfi suna jan doguwar jelarsa, ya yi ta kokawa har ya gaji. Kayan ado kuma ki guji ganyen roba mai kaifi. Ki goga siririn yadi a jikin duk abin da za ki sa, in ya kama zare to zai yaga fiffike. Ni tsirrai masu rai na fi so, Anubias da Java fern, ba sa buƙatar haske mai yawa. Kada ki binne kaurin jijiyarsu a tsakuwa, ruɓewa yake yi, ki ɗaure su a jikin dutse ko icce. Ki ajiye ganye mai faɗi ɗaya kusa da saman ruwa. Za ki gan shi ya hau ya kwanta a kai, ya ɗaga baki kaɗan ya sha iska ba tare da ya motsa jela ba. Ga mara lafiya wannan hutu ne babba. Busasshen ganyen katafa, wanda masu kifi ke kira almond na Indiya, shi ma yana da kyau. Zai mayar da ruwan kalar shayi, ba datti ba ne.

Sabulu kada ya taɓa komai nasa, har bokitin da tiyon. Soson filta kuma a cikin tsohon ruwan da kika ɗebo daga tanki za ki matse shi, ruwan famfo yana kashe bakteriyar.

Sabuwar Shiga: Na rubuta duka. Abinci fa? Na zuba masa ɗazu bai kula ba.

Ɗan Autan Zaure: Ki kwashe wanda bai ci ba, kada ya ruɓe. Mai cin ƙwari ne, ki nemi ƙwayoyin abincin da aka yi don betta, wanda kifi ko jatan lande ne farko a jerin kayan haɗinsa. Ƙwaya biyu ko uku safe da yamma sun isa, cikinsa ƙarami ne. In ya ƙi, gwada daskararrun jajayen tsutsotsi da ake sayarwa don kifi, da wuya ya juya musu baya. Kwana biyu bai ci ba ba zai kashe shi ba, yawancinsu suna dawowa ci da zarar ruwa ya yi ɗumi.

Sabuwar Shiga: Alhamdu lillahi, na haɗa tankin, ma'auni na nuna 26. Da yamman nan ya ci ƙwaya ɗaya. Ina tunanin in sayo masa abokin zama don kada kaɗaici ya dame shi.

Malam Mai Tanki: Madalla da wannan labari. Aboki kam a'a. Maza biyu faɗa za su yi har ɗaya ya halaka, mace ma ba a barin ta tare da namiji sai lokacin haihuwa. Shi kaɗai ya fi samun natsuwa, musamman yanzu. Wajen mayar da shi, ki sa shi a leda ko kofi da ruwansa, ki ɗora a saman tankin kamar minti 20, kina ƙara masa ruwan tankin kaɗan-kaɗan, sannan ki sake shi ba tare da kin juye tsohon ruwan a ciki ba. Ki kashe fitila yau. Gobe da safe ki gwada ruwan ki turo mana lambobin.