Wace kalma za mu sa wa "sitimulan" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa, kalma guda nake nema. Ɗan yayata ne shekara 9, nan Damagaram, kullum mushen lakwal ɗinsu na ƙorafi ba ya zama wuri ɗaya kuma karatu ba ya zauna mishi, da aka kai shi likita ya ce TDAH ne, wato larurar kasa tattara hankali da yawan kuzari, ya kawo zancen magani irin wanda suke ce ma sitimulan. Ni aka sa in yi ma Hajiya bayani, wallahi sai na kakare.

Na ce "maganin ƙara kuzari", ta ce yaron da kuzari ya yi ma yawa shi za a ƙara ma? Ƙwaya kam ban ko faɗa ba, da an ji ta sai a tuna tramol.

Abin da ya fi tada mata hankali ta ji an ce magungunan nan na kashe hanta, kuma zancen da tushenshi. Akwai wani sitimulan, pemolin, da a da ake saida shi da sunan Cylert, Amurka ta amince da shi a 1975, sai aka riƙa samun yaran da hantarsu ta daina aiki, wasu sai da aka yi musu dashe wasu suka rasu, Ingila ta janye shi a 1997, Amurka a 2005. Amma Ritalin da ake badawa yanzu, shi ma sitimulan ne, sai dai wani magani ne daban, da wuya ƙwarai ya taɓa hanta. In muka haɗe su a suna guda mai ban tsoro uwa za ta hana ɗanta abin da zai taimake shi.

Na ga amsoshinku, Allah ya saka. Malam da ya kawo "maganin tattara hankali", ta yi min daɗi a baki, sai dai Anti ma'aikaciyar asibiti ta yi gaskiya, Strattera, wani maganin TDAH, shi ma tattara hankali yake alhali ba sitimulan ba ne, kuma shi ma an sa mishi gargaɗin hanta tun 2004.

To ga inda na tsaya: dukkansu maganin tattara hankali, sitimulan kuwa "mai farkar da ƙwaƙwalwa", kuma kullum a faɗi sunan maganin kanshi. Haka zan faɗa ma Hajiya yau da dare, in ƙara mata da cewa in ta ga idon yaron ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko yana amai da ciwon ciki ta dama, a kai shi asibiti ranar nan, kar a tsaya jiƙo.