Liferay 7.4 yana mutuwa bayan an tayar da Tomcat

Tambaya: Salamu alaikum. Na girka Liferay, manhajar gina shafukan yanar gizo, a sabar Ubuntu mai RAM 4GB, da ma'ajiyar bayanai ta MySQL. Tomcat, wanda Liferay ke gudana a kansa, yana tashi, sai ya mutu kafin shafin Liferay da ke port 8080 ya buɗe. Ina matsalar take?

Amsa 1: Wa'alaikumus salam. Malam, RAM ɗin ya yi kaɗan. Liferay kan tayar da Elasticsearch, injin bincikensa, a gefe, ga MySQL kuma, duk suna rububin wuri ɗaya. Duba saƙonnin tsarin da umarnin `dmesg`, in ka ga OOM killer, mai kashe manhaja idan RAM ya ƙare, shi ne ya kashe Java da Tomcat ke gudana a kai. Kai sabar 8GB, sannan ka daidaita `-Xmx`, iyakar RAM ɗin da Java zai ci, a fayil ɗin `setenv.sh` na Tomcat.

Amsa 2: Ka leƙa `portal-ext.properties`, fayil ɗin saitin Liferay, ma. In babu `jdbc.default.url`, wato adireshin MySQL ɗinka, Liferay zai ɗauki ma'ajiyar bayanai ta Hypersonic, wadda ta gwaji ce kawai. Tashin farko yakan daɗe yana gina teburori, kar ka katse shi.