Kek ɗin cakulan yana lotsawa a tsakiya, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah ku agaza mini. Ranar Asabar aminiyata za ta cika shekara 30, ni kuma da bakina na ce zan yi mata kek na cakulan, irin mai laushin nan mai duhu. Sau biyu ke nan ina gwadawa, abin ya ƙi.

Fulawa kofi 2 nake sawa, sukari kofi ɗaya da rabi, garin koko rabin kofi, ƙwai 3, bota, madara, bekin foda cokalin shayi 2, sai ruwan zafi a ƙarshe. Ba ni da oben, a babbar tukunya nake gasawa da yashi a ƙasa, kan gas. Yana tashi gwanin sha'awa, amma da na ɗaga murfi wajen minti 20 sai tsakiyar ta lotsa. Gefe ya ƙone har da ɗaci, ciki kuwa tsinke ya fito da ɗanyen ƙulli.

Wutar ce ta yi yawa, ko buɗewar da nake yi ce? Ko gwangwanin ne ya cika zurfi, in raba ƙullin biyu? Koko ya yi tsada wallahi, saura na gwaji ɗaya ya rage mini.