Adabin Turanci da fim, wane kwas zan cike a ABU?

Ummi_TudunJukun:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, bana na gama sakandare ina shirin cike JAMB kuma ni dai abu biyu ne a raina, adabin Turanci da harkar fim. Na ga a wasu jami'o'in Ingila digiri ɗaya ake yi a haɗa su, a karanta littafi a kuma nazarci fim ɗin da aka yi da shi. To mu nan ABU, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, akwai irin haka? Ni rubuta labarin fim nake so ba fitowa a ciki ba, amma Baba da ya ji an ce fim sai ya ɗaure fuska.

Abban_Sadiq:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A Samaru sashe biyu ne daban, na Turanci da adabi, sai na wasan kwaikwayo, duk a tsangaya ɗaya. Asali ma a ƙarƙashin Turancin aka fara koyar da wasan kwaikwayon a 1975 zamanin wani malami Michael Etherton, daga baya aka raba su, kuma a zamanin Etherton ɗin ne aka gina dandalin nan na ginin laka da ake kira Drama Village, in kin shiga makarantar ki je ki gan shi.

Ni adabi na karanta kuma shi zan ce ki cike, tunda rubutu kike so. Abin da ke kashe yawancin finafinanmu ba kyamara ba ce, kyamarori sun yi kyau yanzu, labarin ne ba a gina shi, mutum zai zauna a falo yai ta bayanin abin da ke ransa minti goma ke kina kallo kamar wa'azi. Shekara huɗu kina karanta Achebe da Soyinka da Zaynab Alkali da Shakespeare ana tilasta miki ki faɗi dalilin da ya sa marubuci ya ɓoye wannan ya bayyana wancan, wallahi idonki zai buɗe. Ki gwada wannan tun yanzu, ɗauki littafin da marubuciya ta cika shafi uku da abin da ke zuciyar matar da za a yi wa kishiya, ki ce za ki nuna shi ba tare da matar ta buɗe baki ba. Wataƙila ki nuna ta a tsakar gida tana ta dirzar tukunyar da ta riga ta fita fes, ana shigo da akwatuna ta bayanta, ba ta waiga ba. Nan ne adabi da fim suke haɗuwa, kuma da shi za ki iya yin furojet ɗinki na aji huɗu in kin samu malamin da ya yarda.

Bash_Edita:
Yaya Abban Sadiq ka yi haƙuri ban yarda da kai duka ba. Ni tace hoto nake yi, kuma na sha karɓar rubutun masu digiri da in ka karanta sai ka ce kai madalla, amma a lokeshan darakta ya rasa yadda zai ɗauka, sin ɗaya, wato fitowa ɗaya, shafi shida alhali a ƙa'ida shafi ɗaya wajen minti ɗaya ne a allo. Wanda bai taɓa jin ɗan wasa ya furta layinsa ya sarƙe masa a baki ba bai san ya rubuta magana mai nauyi ba. A sashen wasan kwaikwayo kuwa dole ka rubuta a hau dandali a yi a gaban jama'a, in bai yi ba a fuskokinsu za ka gani. In kuma fim ɗin take so tsantsa ga makarantar fim ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin hukumar finafinai ta Najeriya, digirinsu na haɗin gwiwa da jami'ar Jos ne.

Abban_Sadiq:
Bash maganarka gaskiya ce, sai dai tsarin sin ana koyonsa a wata shida, zurfin karatu kuwa sai an daɗe. Kuma ai ba hana ta leƙa rihazal aka yi ba, ga ilektif, wato kwas ɗin zaɓi daga wani sashen.

Maman_Hanif:
Ummi 'yata, ni kan maganar Babanki zan tsaya don naga mazan sun tsallake ta. Kar ki yi ja da shi, tsoronsa yana da dalili, kin san yadda ake kallon mace a harkar nan. Ki samu kawunki ko wani babba da yake jin nauyinsa ku zauna, ki ce masa Turanci za ki karanta, wanda gaskiya ne, da shi ana koyarwa ana aikin jarida. Sannan ki tuna masa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka shirya a nan Zariya a 1933, shi Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, littafin Firayim Minista guda. Dattawa suna girmama wannan sunan sosai. Jos kam a ganina ki bar ta tukuna, yarinyar da ake tababar kwas ɗinta ba za a bari ta bar gari ba, ki yi digirin a gida daga baya kya je.

Af, kina da kiredit a Litireca dai ko? Don shi za su fara dubawa, kuma dole ki sa shi cikin darussan JAMB ɗinki.

Ummi_TudunJukun:
Ina da shi Mama, B3 na samu. Na gode muku duka Allah ya saka da alheri, adabin zan cike in sha Allahu, ranar Juma'a zan je gidan Kawu a Tudun Wada. Yaya Bash dan Allah in na rubuta sin ɗin tukunyar nan za ka duba min ka ga ko zai ɗauku?

Bash_Edita:
Turo shi nan kowa ya gani, amma kar ya wuce shafi ɗaya.