A-kori-kura mai dizal: tsohuwar Hilux ko sabuwar D-Max?

Salamu alaikum 'yan uwa. Kullum ina ɗauko kayan gwari daga Jidda zuwa Makka, kusan kilomita 80, da tsohuwar a-kori-kura mai fetur. Shan manta ya ishe ni, kwana 2 tanki ya ƙare. Na canza fulogi da matatar iska, na daidaita iskar taya, har na'urar sanyaya mota nake kashewa cikin wannan zafi. Duk a banza.

Na leƙa haraj, wato kasuwar tsofaffin motoci, ranar Asabar, wata mai dizal da na gwada ina taka ta sai baƙin hayaƙi, na ja da baya. Dizal dai ya fi fetur mai lamba 91 araha, duk da ƙarin kuɗin 2024 da 2025.

Wanda ya riƙe su da lodi: tsohuwar Hilux mai injin 2.4 ko sabuwar Isuzu D-Max da biyan wata-wata, wacce ta fi sauƙin riƙo?