Wai leburanci ƙarfi ne kawai?

Mai tambaya: Jama'a, me ƙwararren lebura ya sani wanda sabon shiga bai sani ba?

Birkila: Kwaɓin kankare, ɗan'uwa. Buhun siminti mai kilo 50, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa 8. A juya su a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan ruwa kamar lita 25, kaɗan-kaɗan. Sabon shiga yakan malala ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, sai kankaren ya rasa ƙarfi, ya tsattsage.

Mai kula da aiki: Haka ne, maigida. Ɗaga buhu ma sai an iya: ka tsuguna, ka manna shi da jiki, ka miƙe da ƙafafu. Sunkuyawa ke kashe ƙugu.

Mai tura baro: A tara nauyin kusa da taya, hannu ya huta.